Darasin Lafiya: Daga Ina Hasken Fata Yake Fitowa?



Ya ku ɗalibai maza da mata, da ku iyayenmu da ake karanta wa wannan shafi a tsakar gida, darasinmu na wannan karo a kan fata ne. Dalili kuwa, duk wanda ya ratsa kasuwar birni ko ta Sabon Gari zai ga yadda kantunan man shafawa suka yawaita, kwalabe reras, kowace tana alkawarin sheƙi da haske. Wasu 'yan matanmu na manyan azuzuwa har kuɗin karin kumallonsu suke tarawa su saya. To, kafin mutum ya ɓatar da kuɗinsa, ya kamata ya san inda hasken fata yake fitowa tukuna. Daga ƙarƙashinta yake fitowa, daga ruwa iri biyu da suke gudana a jiki dare da rana. Na farko kowa ya san shi, shi ne jini. Na biyun kuwa kaɗan ne suka taɓa jin sunansa, alhali shi ne wanda in hanyarsa ta lalace ake samun tundurmi.

Fata da jini

Fatar baligi, da za a shimfiɗa ta, ta kusa murabba'in mita 2, watau kamar tabarmar kwanciyar mutum guda. Hawa-hawa ce. Hawan sama, wanda ido yake gani, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Shi ya sa in ka ɗan ƙuje sama-sama ba ka ganin jini. A ƙasan wannan hawa ake haifar sababbin ƙwayoyin fata, su riƙa turo tsofaffi sama, tsofaffin su bushe su zube, a cikin kamar wata guda an sake sabon zubi. Dauɗar nan da ke murzuwa in ana wanka da soso, wani sashenta tsohuwar fata ce. To wa ke ciyar da sababbin? Hawan da ke ƙarƙashi, wanda yake cike da jijiyoyin jini ƙanana ƙwarai, da suka fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba.

Wanda ya taɓa zuwa lambu a fadamar Galma da rani ya ga misalin abin. Inji yana jawo ruwa daga rafi, babbar hanya ta rarrabu zuwa ƙanana, ƙananan su kai ruwa gindin kowane tumatir. In ruwan ya tsaya kwana biyu sai ganye ya yi yaushi, kuma ko ka shafe ganyen da mai ba zai miƙe ba. Injin jikinmu zuciya ce. Tana bugawa kamar sau 70 a minti guda in mutum yana hutawa, watau wajen sau 100,000 a yini da kwana, tana juya jinin da bai wuce lita 5 ba a jikin babban mutum. Ku gwada yanzu: ku danne farcen babban yatsa har ya yi fari, sa'an nan ku saki. Kafin ku ƙirga biyu jan ya dawo. Jini ke nan ya koma wurin aikinsa.

A nan bari in ɗan ratse, don ɗalibin Islamiyya bai kamata ya jahilci wannan ba. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin maganar Jalinusu, likitan Yunanawa, cewa jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan huda da ido ba ya gani. Wanda ya fara cewa a'a shi ne Ibnun Nafis, mutumin Sham da ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288. A cikin sharhin da ya yi wa Ƙanun na Ibnu Sina ya bayyana cewa babu wata huda a wannan bango, jini sai ya bi ta huhu ya gauraya da iska sa'an nan ya dawo hagun zuciya. Malamin fiƙihu ne kuma, Bashafi'e. Maganarsa ta daɗe a kwance, sai a 1924 wani ɗalibin likita Bamisire, Muhyiddin Attatawi, ya tono rubutun a ɗakin karatu na Balin ta Jamus. Cikakken bayanin zagayen jini a jiki duka kuwa, Wiliyam Habi na Ingila ne ya buga shi a 1628.

Abin da jini yake kai wa fata shi ne iskar numfashi da abinci da ruwa. In jinin ya yi ƙaranci, fata ce ke fara tona asiri: ta dushe, tafin hannu ya yi fari fat, in ka ja fatar ido ta ƙasa ka ga cikinta ya koɗe maimakon ja. A garinmu abubuwan da suka fi shanye jini su ne zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da haihuwa kusa-kusa, da jinin al'ada mai yawa, da rashin cin abin da ke gina jini. Yarinyar da take haka, maganinta yana cikin tukunya da asibiti: zogale, alayyahu, rama, wake, hanta, ƙwai, kifi. A haɗa da lemo ko gwaba, don suna taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye da wake. Shayi mai kauri a kan abinci kuwa rage wannan tsotsa yake yi, gara a jinkirta shi. Ku kuma samari, taba tana tsuke ƙananan jijiyoyin nan. Shi ya sa fuskar mashayi take tsufa kafin shekarunta.

Ruwa na biyu

Jijiyoyin jini ƙanana ba a toshe suke ruf ba, suna tsatsafa kamar sabuwar randa. Ruwa yana fita daga cikinsu ya jiƙa naman jiki, ta haka abinci yake isa ga ƙwayoyin fata. Kun taɓa ganin wannan ruwa. In mutum ya ƙone wurin ya yi bororo, ko fartanya ta ta da masa bororo a hannu, ruwan nan garai-garai mai ɗan rawaya da ke ciki irinsa ne.

To ruwan da ya fita, ina za shi? Da a ce zama yake yi, da kafin gobe mutum ya kumbura suntum. Sai aka yi masa hanyoyinsa na dabam, wasu siraran bututu da ke farawa a cikin fata kanta, suna kwashe ruwan tare da ƙwayoyin cuta da tarkacen da suka samu. Da zarar ya shiga waɗannan bututu, likitoci suna kiransa limfa. A littattafan Larabci za ku gan shi da sunan allimf, asalin kalmar kuwa Latin ce, ma'anarta ruwa garai. Bututun suna haɗuwa suna girma, har su juye a manyan jijiyoyin jini da ke gindin wuya, ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa. Lita 2 zuwa 4 suke mayarwa cikin jini kowace rana. Saboda siranta da rashin launi an daɗe ba a lura da su ba. Wani likitan Italiya, Aselli, ya ga wasunsu a cikin hanjin kare a 1622, sa'an nan wajen 1653 Bartolin na Denmak da Rudbek na Suwidin suka bayyana tsarin.

Mu mutanen birni ba mu buƙatar dogon bayani a kan amfanin magudana. Gida komai kyansa, in rariya ta toshe da damina, ruwa ya kwanta a tsakar gida, gindin katanga ya jiƙe, sauran labarin kun sani.

A kan hanyar wannan ruwa akwai wasu 'yan ƙulli-ƙulli, ɗaruruwa, kamar ƙwayar wake, sun fi taruwa a wuya da hammata da matsematsi. Aikinsu irin na masu tsaron ƙofa ne a zamanin da ganuwa take ganuwa, lokacin da baƙo ba ya shiga Zariya ta Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan sai an san ko shi wane ne da abin da ya ɗauko. A cikinsu fararen ƙwayoyin jini suke zaune suna tace ruwan. In ƙaya ta soke ka a ƙafa wurin ya yi ruwa, bayan kwana biyu sai ka ji wani abu ya taso a matsematsi yana zafi. Kaluluwa ke nan. Masu gadin ne suka yi arba da abokan gaba suka tara runduna. Saboda haka mai kaluluwa ya nemi ciwon da ya ta da ita, a ƙafa ko a hannu ko a ka ko a haƙori, ya yi maganinsa, ita za ta kwanta da kanta. Amma iyaye a kula: kaluluwar da ta wuce mako 3 ba ta sauka ba, ko mai tauri marar zafi, ko wadda ta zo da rama da gumin dare da tari, wannan ta asibiti ce, kada a tsaya shafa mata toka. Tarin fuka yakan kama kaluluwar wuya, ga shi kuwa muna da cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye, nan kusa da mu.

Wani abin mamaki, shi wannan ruwa ba shi da zuciyar da ke tura shi. Bututun suna ɗan matsawa da kansu, kuma a cikinsu akwai ƙananan ƙyamare masu buɗewa gaba kawai, ba sa barin ruwa ya koma baya. Amma babban abin da ke tafiyar da shi motsin naman jiki ne da numfashi. Duk takun da ka yi, naman sha-raɓa yana matse bututun, ruwan ya hau sama. Shi ya sa wanda ya zauna a mota daga Zariya zuwa Ikko yake sauka takalmi ya matse shi, shi ya sa kuma fuska take ɗan kumbura da asuba ta saɓe da hantsi. Iyayenmu mata da suke daka da surfe da jan guga ba su san sunan limfa ba, amma kullum suna tafiyar da shi. Abin tsoro shi ne na yanzu, yaro ya kwana ya yini a kishingiɗe da waya a hannu, ko aike zuwa bakin ƙofa sai a kan babur.

Tausa da man bilicin

Waɗanda ke kallon waya sun ga masu tallar tausar fuska da wani ɗan dutse, wai tana fitar da guba ta hanyar limfa. Maganar tana da ɗan tushe. Wani mutumin Denmak, Emil Boda, ya tsara wata tausa mai taushi a shekarun 1930, kuma ana amfani da irinta a asibiti ga masu kumburin hannu ko ƙafa. Ga mai lafiya kuwa iyakar abin da za ta yi shi ne ta rage kumburin safiya na 'yan sa'o'i, abin da wanke fuska da tafiya makaranta a ƙasa za su yi kyauta. Ba ta canza launi. Tace guba kuma aikin hanta da ƙoda ne. Dilka da kurkum na gyaran amare su ma tsohuwar fatar sama suke murjewa, jini ya ɗan taso, a yi sheƙi na 'yan kwanaki. Ban ga laifinsu ba in ba a cuɗanya su da wani abu ba.

Man bilicin ne abin ji. Yawancinsu ɗayan abu uku suke ɗauke da shi. Akwai haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo a kumatu da ba ya fita da sauƙi. Akwai zaiba, wadda fata take tsotsa ta shiga jini ta lalata ƙoda, ta kuma kai ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Akwai kuma maganin sitiroyid mai ƙarfi, wanda likita yake rubutawa na 'yan kwanaki don wata cuta, amma ake zuba shi a mai ana shafawa shekara da shekaru. Shi wannan yana tsuke jijiyoyin fata, sai ta yi fari, mai shafawa ta ɗauka haske ne. Sannu a hankali fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito raɗau, nankarwa ta tsattsage cinya da damtse, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Ranar da aka zo yin tiyatar haihuwa, ɗinki ya ƙi kamawa da wuri. Baƙin da ake yaƙi da shi kuwa shi ne laimar da ke kare fatarmu daga ranar nan ta Maris da Afrilu.

Tundurmi

Yanzu mu zo ga abin da ke faruwa in magudanar ta lalace gaba ɗaya. Likitocin Larabawa na da suna kiransa da'ul fil, watau ciwon giwa, don ƙafar takan yi kauri da kaushi kamar ta giwa. Mutanenmu da yawa har yau suna cewa sammu ne, ko an taka wani abu da aka binne. Wannan zato ya raba zumunci, ya kashe aure, ya sa an zargi kishiyoyi da maƙwabta a kan abin da ba su ji ba ba su gani ba. Sauro ne yake kawo shi, kuma a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma galibi irin sauron nan ne mai kawo zazzaɓi. Likita Patirik Manson ne ya gano 'ya'yan tsutsar suna girma a cikin sauro, a 1877, yana aiki a garin Amoi na ƙasar Sin, shekara 20 kafin a tabbatar da cewa zazzaɓin ma sauro ne ke ɗaukarsa.

Ga yadda abin yake. Sauro ya ciji mai cutar, ya kwashi 'ya'yan tsutsa, su yi kamar mako 2 a cikinsa, ya ciji wani ya bar masa. Su bi fata su shiga bututun limfa, su girma su zama kamar zaren ɗinki, su zauna shekara 6 zuwa 8 suna haihuwar miliyoyi. 'Ya'yan ba sa fitowa cikin jinin fata sai da dare, daidai lokacin da sauro yake yawo, shi ya sa a da ma'aikatan lafiya sai da dare suke ɗibar jinin gwaji. Bututun da tsutsa ta zauna a ciki yakan buɗe ya saki, ƙyamarensa su daina rufuwa, ruwa ya kwanta. Abin lura a nan, ya ku ɗalibai: yawanci da ƙuruciya ake kamuwa, a shekarunku ɗin nan, amma kumburin ba ya bayyana sai an girma. Ga maza kuma yakan sauka a maraina ya zama gwaiwa, wadda tiyata ƙarama take gyarawa, amma kunya ta sa mutum ya yi shekara 20 yana ɓoye ta a babbar riga.

A 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta. Dabarar ita ce a ba kowa da kowa a yankin da take magani sau ɗaya a shekara, aƙalla shekara 5 a jere, don a kashe 'ya'yan tsutsar, sauro ya ciza ya tashi hannu wofi. A Nijeriya ƙwayoyi biyu ake haɗawa, Mectizan da albendazol, ana auna tsawon mutum da sanda a san adadin da zai sha. Ba a ba mai ciki, da yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai ciwo mai tsanani. Abin ya yi aiki. A 2017 aka sanar da cewa jihohin Filato da Nasarawa, maƙwabtanmu, sun kawar da cutar daga zama barazana, da taimakon Cibiyar Jimi Kata, tsohon shugaban Amurka, bayan shekaru ana rabon magani da gidan sauro. A shekarar nan kuma Togo ta zama ƙasar farko a Afirka kudu da Sahara da ta kai ga haka. A Jihar Kaduna ma an yi shekaru ana wannan rabo tare da ƙungiyar Sightsavers. Saboda haka in masu sandar awo sun yi sallama a ƙofar gida, maigida ya bar iyalinsa su karɓa, ko da kowa yana jin garau. Gidan sauro kuma a ɗaura shi kullum, musamman mu da muke kewaye da kududdufai.

Sai dai maganin nan ba ya mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura. Mai irin wannan ƙafa, abin da ke ƙara masa ciwo ƙwayoyin cuta ne na yau da kullum, waɗanda ke shiga ta faso, ta cin ruwa a tsakanin yatsu, ta ɗan ƙujewa. Tun da magudana ta lalace, babu mai kai su wurin masu gadi. Sai ƙafa ta yi ja ta ɗau zafi, zazzaɓi da rawar ɗari su kwantar da mutum kwana da kwanaki, kuma duk tashin da ta yi sai ta bar ƙafar ta fi da kauri. Abin da ke rage wannan tashi ba shi da tsada. A wanke ƙafar da sabulu da ruwa mai tsabta safe da yamma, a bi kowane lungu da ninki. A tsane ta da tsumma mai taushi, musamman tsakanin yatsu. A duba ko akwai rauni a sa masa magani. A ɗora ta a kan matashi in za a kwanta, a riƙa motsa idon sawu da ɗaga dunduniya ko a zaune ake, a sa takalmi mai yalwa. Tsaga da ƙaho a kan irin wannan ƙafa kuwa, don Allah a bari. Ƙofa ce ake buɗe wa cuta a garin da ba mai gadi. In ta yi ja da zazzaɓi, a tafi asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko na koyarwa a Shika a ranar, don tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta.

'Yan ajin fiƙihu za su ga sun san rabin wannan aiki. A mazhabarmu ta Malikiyya cuɗawa farilla ce a alwala, tsettsefe yatsun ƙafa mustahabbi ne a alwala, wajibi ne a wankan janaba. Muna yin su ne don ibada, amma wanda yake kai yatsa tsakanin yatsun ƙafarsa sau da yawa a yini shi ne zai fara ganin cin ruwa tun yana ƙarami. Abin da akan manta shi ne tsanewa. Goge gaɓɓai bayan alwala ya halatta a wurin malamanmu, kuma ga mai kumburin ƙafa ko ciwon sukari ya fi masa a kan ya cusa jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa. Da hunturu kuma, in an tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya tun fata tana da ɗan danshi, kada a jira faso ya buɗe baki. Tsakanin yatsu dai a bar shi a bushe.

Kada kuma a ɗauka kowane kumburi tundurmi ne. In ƙafa biyu suka kumbura tare, ka danna da yatsa wurin ya lotsa, zai iya zama zuciya ce ko ƙoda ko hanta. Yaro ƙarami mai kumburin ƙafa da jan gashi, tamowa ce. Mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, a kai ta awo nan take ko da tsakar dare ne, don jijjiga takan biyo baya.

Aikin gida ga 'yan aji huɗu zuwa shida: kowa ya sa yatsu biyu a wuyan hannunsa ta wajen babban yatsa, ya ƙirga bugun jini na minti guda yana zaune. Sa'an nan ya yi tafiya da sauri ta minti 10, ya sake ƙirgawa, ya rubuta lambobin biyu. Wanda kuma yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ya nemi izini da ladabi ya duba masu dunduniya da tsakanin yatsu, in ya ga faso ko cin ruwa ya gaya wa babba. A kawo littattafan ranar Asabar, in Allah Ya kai mu.